Daga Bakin Kududdufi: Nasiha ga 'Ya'yana Kan Ilimin Muhalli

'Ya'yana, bara war haka jikata ta zo mana hutu tana shirin jarrabawar gama sakandare. Wata rana bayan la'asar ina kishingiɗe a zaure, sai na jiyo ta daga tsakar gida tana bitar darasin muhalli da Turanci, tana zuba ma'anoni kamar an kunna rediyo, ko tuntuɓe babu. Na ƙwala mata kira na ce, "Ke amarya, wannan abin da kike ta nanatawa na halittu masu dogaro da juna, ko za ki nuna mini guda ɗaya tsakanin gidan nan da kasuwa?" Ta yi jim, sannan ta ce, "Haba Kaka, ai irin wannan sai a dajin Amazon." Na yi dariya, na ɗauki sandata, na ce ta saka takalmi ta biyo ni. Ba mu yi wata tafiya ba muka tsaya a bakin kududdufin bayan unguwarmu.

Na ce ta duba ta faɗa mini abin da idonta ya gane mata. Ta ga ruwa kore shar da gansakuka, kainuwa na yawo a samansa, talibambam na wutsil-wutsil a gefe. Ta ga mazari yana shawagi, ga balbela tana dakon kwaɗo, ga yara biyu da fatsa suna neman tarwaɗa. Na ce to ki haɗa da marasa rai: ruwan kansa, da laka, da iska, da hasken rana. Gansakuka da hasken rana take haɗa abincinta. Talibambam na cin gansakuka, kifi na cin tsutsar sauro, balbela na cin kwaɗo. Wanda ya mutu a cikinsu ya nutse, ƙwayoyin da ido ba ya gani su ruɓar da shi ya koma laka, lakar ta ciyar da sabon tsiro. Wannan zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka na masu rai da marasa rai a wuri ɗaya shi ne abin da take ta hadda tun safe. Wani masanin tsirrai ɗan Ingila, Arthur Tansley, shi ya raɗa masa suna a 1935, amma zaman ya girmi sunan nesa ba kusa ba. Muhalli kuwa shi ne duk abin da ke kewaye da mai rai, yana shafar sa, shi ma yana shafar abin.

Ban kawo labarin nan don in muzanta yarinyar ba. In da laifi, namu ne masu koyarwa. Na yi shekaru ina malamin daji kafin in koma aji ina koyar da labarin ƙasa, kuma kuskuren da na fi gani wajen matasa shi ne kalma tana baki, abin da take nufi yana ƙofar gida, amma ba a taɓa gabatar da su ga juna ba. Sai a ci jarrabawa, a je taron bita a karɓo takardar shaida, a dawo gida a zuba shara a kwata. Gani ya kori ji. Don haka zan bi da ku ta kan wasu kalmomin wannan ilimi, kowace in nuna muku inda take zaune a garinku.

Abin da muka gani a kududdufi, wannan ya ci wancan, wancan ya ci na gaba, shi ake kira sarƙar abinci. Tana farawa daga tsiro, ta bi ta masu cin tsiro, ta kai ga masu cin nama, ta ƙare a masu kwashe mushe da masu ruɓarwa. Kuskuren yaro shi ne ya dubi wata halitta ya ce ba ta da amfani don ta yi masa muni. Ku tambayi iyayenku yadda mahauta ke fama da ungulaye a mayanka a da, yadda suke jeruwa a kan rimi da rufin kasuwa. Yau sai ka yi shekara a wasu garuruwan ba ka ga ko ɗaya ba. Guba da ake sa wa mushe ta kashe wasu, masu tsubbu da ke sayen kai da ƙafa sun ƙarar da wasu, har a 2015 aka sa irin ungulun da muka saba gani cikin halittun da ke dab da ƙarewa. Alhali ungulu ba ta jewar banza, ita ce 'yar sharar da ba a biya. Cikinta na da tsami mai ƙarfi da ke kashe ƙwayoyin cuta, tana kwashe mushe kafin ya yi wari. Indiya ta ɗanɗana kuɗarta a kan wannan. A shekarun 1990 ana yi wa shanu allurar wani maganin ciwon jiki, dikulofinak. Ungulun da ta ci mushen saniyar sai ƙodarta ta lalace. Cikin 'yan shekaru fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu nau'o'in ungulun ƙasar suka mutu, mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan bola suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Sai a 2006 aka hana ba dabbobi maganin. Ɗana, kafin ka ɗaga gwafa ka harbi tsuntsu, ko ka sa wa kududdufi guba don ka kwashi kifi a rana ɗaya, ka tambayi kanka aikin wa za ka tsayar.

Daga nan sai yalwar halittu iri-iri, wato yawan nau'o'in tsirrai da dabbobi da ƙwari da ke wuri, har da bambancin da ke cikin iri ɗaya. Kakanninku ba su san sunan ba, amma da shi suka rayu. A gona ɗaya za ka ga gero da maiwa da dawa, farafara da kaura, wake na yaɗo a ƙarƙashi. In ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya riga ya nuna. In damina ta yi tsawo, dawa ta cika rumbu. Waken kuma yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Wanda ya watsar da irin gidansu kaf ya dogara da iri ɗaya na kanti, shekarar da cuta ta sami irin nan ba shi da madafa. Ku karɓi sabon iri, akwai alheri a cikinsa, amma ku ajiye na gado ko da tulu ɗaya ne, da tsohuwar zuma ake magani. Kada kuma ku ɗauka abin da ya kama hanyar ƙarewa ba ya dawowa. Raƙuman dawa na yankin Kure, kusa da Yamai, sun ragu zuwa kimanin 50 a 1996. Da hukuma da mutanen ƙauyukan suka haɗa kai aka daina farautar su, sai da adadinsu ya haura 600.

Akwai kalmar da ta fi kowace shan wahala a bakin matasa, wato yanayi. Mu da Hausa kalma ɗaya muke kiran abu biyu da ita, shi ya sa ake rikicewa. Akwai yanayin yini: yau an tashi da hazo, gobe hadari, jibi rana tsaka. Akwai kuma yanayin ƙasa na dogon zango, wanda masana ke auna shi da matsakaicin aƙalla shekara 30: yaushe damina ke sauka, kwana nawa take yi, ina zafin bazara ke kaiwa. Nakan ji saurayi ya ce, "Hunturun bana ya yi sanyi, ina ɗumamar da ake ta faɗa?" Wani kuma ruwa ya yi jinkirin mako biyu ya ce sauyin yanayi ne. Duka biyun sun yi gaggawa. Ɗan kasuwa ba ya cewa ya karye don cinikin Talata ya yi ƙasa, ba ya kuma cewa ya yi arziki don kasuwar jajibirin Salla ta ci. Littafin shekaru yake buɗewa. Sauyin yanayi ana ganin sa ne a littafin shekaru.

Littafin kuwa ya nuna duniya na ɗumama. Ku tuna motar da aka ajiye a rana an rufe gilasanta: haske ya shiga, zafi ya kasa fita. Akwai wasu iskoki a sararin sama, babbarsu iskar kabon, da ke riƙe zafi kusan haka. Rahama ce a asali, don ba don su ba da duniya ta daskare. Matsalar ita ce yawa. Kafin zamanin masana'antu iskar kabon kimanin kashi 280 ce cikin miliyan na iskar da muke shaƙa. Ƙona kwal da fetur da gas da sare dazuzzuka sun kai ta sama da 420, zafin duniya kuma ya ƙaru da fiye da digiri 1. Kada ku haɗa wannan da maganar ozon, kamar yadda ɗalibaina da yawa suke yi. Ozon wata shimfiɗa ce can sama mai tace hasken rana mai cutar da fata da ido. Wasu sinadaran firji da gwangwanayen feshi ne suka cinye ta, aka gano ɓarnar a 1985, ƙasashe suka sa hannu a yarjejeniyar Montreal a 1987 suka daina amfani da su, yanzu tana warkewa a hankali. Ciwo biyu ne, kowane da maganinsa. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin kabon na duniya, don haka babban nauyin rage shi yana kan wasu. Namu nauyin shi ne daidaita rayuwa da abin da ya riga ya zo: iri mai saurin nuna, tanadin ruwa, sauraren hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara kafin a yi shuka.

Sai dai ina ja muku kunne a kan abu ɗaya. Kada sauyin yanayi ya zama jakin da ake ɗora wa kowane kaya. Ku bambanta fari da kwararowar hamada. Fari ƙarancin ruwan sama ne na shekara ɗaya ko 'yan shekaru, kamar na 1973 da na 1984 da suka ƙarar da garkunan shanu daga Agadas har Borno. Fari yakan zo ya wuce. Kwararowar hamada kuwa lalacewar ƙasa ce a yankuna masu ƙarancin ruwa, har ta daina ba da amfani ko da ruwan ya dawo. Sunan yana sa mutum ya zaci Sahara ce ke tahowa kamar rundunar yaƙi daga arewa. Ana ganin tuddan rairayi a wurare kamar Yusufari a Yobe, gaskiya ne, amma galibi abin daga gindin gari yake farawa. A sare itace, a kwashe kara da harawa tas, a cinna wa saura wuta, a bar gona tsirara. Iskar bazara ta kwashe ƙasar sama, ruwan farko ya wanke abin da ya rage, wannan ita ce zaizayar ƙasa. Yau ɗan lambatu, baɗi kwazazzabo, gonar da ke ba da dami ɗari ta koma fako. Wannan 'yar ƙasar sama mai duhu da kuke takawa, kaurin yatsa ɗaya nata yakan ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin ya samu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A nan zan faɗa muku kuskurena, don kada ku maimaita. Lokacin da nake aikin daji, duk shekara muna renon dubban itatuwa a leda. Ranar dashe a kafa rumfa, manyan baƙi su zo, makaɗa su cashe, a dasa, a yi hoto, a watse. Kafin kaka awaki sun cinye rabi, rani ya ƙarasa sauran. Baɗi mu koma fili ɗaya mu sake. A gefe guda kuma muna cin tarar manomi in ya sare reshe a gonarsa ta gado. Ashe mu muka koya masa cewa itace a gona fitina ce. Da ya ga tsiro sai ya tumɓuke shi tun malamin daji bai gani ba. Na daɗe ban gane cewa da hannunmu muke korar abin da muke nema ba. Har yau nakan ga matasa, da kyakkyawar niyya, suna irin wannan dashen don a saka a Facebook. 'Yata, in za ki dasa, dasa biyar da za ki iya yi wa shinge ki ba su ruwa har rani biyu. Sun fi dubu da za a bar wa akuya.

Maganin da muka rasa, maƙwabtanmu na Maraɗi suka samo shi. A 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda shi ma dashensa ke ta mutuwa, ya tsaya a hanya ya lura da 'yan kurmin da ke tofowa a gonaki, waɗanda ake sassabewa kowace bazara. Da ya duba ganyen sai ya gane kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ba ta bukatar kuɗi. Maimakon a sassabe sabara ko kalgo ƙarƙaf, sai a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a riƙa yi musu aski suna miƙewa. Saiwa ta riga ta yi zurfi, ba ruwanta da ban-ruwa. Manoma suka kira abin sassabin zamani. Da farko an yi wa masu yi dariya, ana cewa gonarsu ƙazama ce. Da aka ga suna samun itacen girki da abincin dabbobi, iska ta daina binne musu shuka, hukuma kuma ta sakar wa manomi mara a kan itacen gonarsa, sai maƙwabci ya kwaikwayi maƙwabci. An ƙiyasta fili mai faɗin hekta miliyan 5 ya farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200. Sarkinsu shi ne gawo. Ku tsaya ku kalli gawo da kyau: da damina, lokacin da gero ke son rana, sai ya zubar da ganyensa ya zama taki. Da rani, lokacin da komai ya bushe, sai ya yi kore ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, su kuma su bar kashinsu a gindinsa. A saiwarsa akwai ƙwayoyin da ke jawo sinadarin naitirojin daga iska su sa a ƙasa, wanda shi ne kuke saye da tsada a buhun yuriya. Ku gwada tsawon geron gindin gawo da na nesa da shi, za ku ba wani labari.

Mu koma ga ruwa. Ruwan duniya ba ƙaruwa yake yi ba, zagaye yake yi. Rana ta ɗebe shi daga teku ya tashi tururi, iskar kudu maso yamma ta turo mana shi daga Tekun Atlantika ya haɗa hadari, ya zubo. Wani ya gangara rafi, wani ya nutse ya taru a ƙarƙashin ƙasa, inda rijiya da burtsatse ke samun sa. Wannan na ƙasan asusu ne, in ana ɗiba ba a zubawa, wata rana guga zai dawo da yashi. Kududdufan tsofaffin biranenmu, irin na cikin birnin Kano, an haƙa su ne don ƙasar gini, amma sun zama matattarar ruwan damina, suna shayar da rijiyoyin unguwa a hankali. Da aka bi su ana cikewa da shara ana yanka filoti, aka kuma toshe magudanai da leda, ruwan da ya rasa masauki sai ya shiga ɗakunan mutane. In za ka sayi fili, ɗana, je ka gan shi a watan Agusta, ka kuma tambayi tsofaffin unguwa me ke wurin a da. Arha ba ta ado. In za ka haƙa masai, nisanta shi da rijiya, masana na cewa kamar mita 30, don abin da ka zuba a rami ɗaya yana bin ƙasa ya iske ɗayan. Amai da gudawa da yawa daga nan suke tasowa.

Shi kogi kuma, na sama da na ƙasa duk a ƙwarya ɗaya suke sha. An gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, Kano ta samu ruwan sha da noman rani. Amma fadamun Haɗeja da Nguru, da suka saba cika da damina su janye da rani, sai tsarin ruwansu ya canza. Ciyawar kachala ta samu ruwan da ba ya ƙafewa, ta mamaye hanyoyin ruwa da gonakin shinkafa, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Irin wannan ne ya sa kafin a yi babban aiki ake fara auna tasirinsa ga muhalli, a tambayi wa zai amfana, wa zai cutu, tun ba a sa harsashi ba. Ku da za ku zama injiniyoyi da ma'aikatan gobe, kada ku mai da wannan binciken takardar cika ƙa'ida. Tun ran gini, ran zane.

Sai gurɓata, wato shigar abu mai cutarwa cikin iska ko ruwa ko ƙasa fiye da abin da za su iya narkarwa. Kuskuren da ke kisa a nan shi ne zaton cewa guba sai ta yi wari ko ta canza launi. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara ƙanana na mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya har Bagega. An zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Ashe duwatsun zinaren da ake kawowa gida ana dakawa ana niƙawa a tsakar gida cike suke da dalma. Ƙurar ta sauka a ƙasa inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Dalma ba ta fita daga jiki da sauƙi, taruwa take yi kaɗan-kaɗan, ta taɓa ƙwaƙwalwa. Yara kimanin 400 suka rasu, dubbai suka kamu, sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Iyayen nan neman halal suke yi, ba su san abin da suke shigowa da shi ba, rashin sani ya fi dare duhu. Ku da kuka sani, in sana'arku ta haɗa da haƙar ma'adinai, ko fasa tsohon batir, ko feshin gona, ku bar aikin a wurin aiki, ku wanke jiki ku canza tufafi kafin ku ɗauki yaro. Kada ku zuba maganin feshi a buhun wake don gudun ƙwari, kada ku mai da galan ɗinsa na ruwan sha. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, sau da yawa kuma a akushinka.

Ku kuma bambanta abin da ke ruɓewa da wanda ba ya ruɓewa. Ganyen da ake ƙunshe dafa-duka ko alala a da, in an yar, akuya ta ci ko ƙasa ta cinye. Leda ba ta da mai cin ta. Tsinkewa take yi ƙanana-ƙanana tana nan, ta hana ruwa nutsewa a gona, in dabba ta haɗiye ta cunkushe mata tumbi, mahauta shaida ne. In an ƙone ta kuma hayaƙin ya koma ƙirjin na kusa. Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008. Kafin doka ta zo mana, kwando da jakar cefane ba su fi ƙarfin kowa ba.

Duk waɗannan suna taruwa ne a kalma ɗaya, ɗorewa. Ta yi tashe a duniya bayan rahoton da wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarƙashin Gro Harlem Brundtland ta Norwe ya fitar a 1987, ma'anarta kuwa a ci yau ba tare da an hana na gobe ci ba. Albarkatu iri biyu ne. Akwai masu sabuntuwa, kamar itace da kifi da ciyawa da ruwan rijiya. Akwai waɗanda in sun ƙare sun ƙare, kamar fetur da zinare. Amma mai sabuntuwa ma yana da iyaka: in saran ya fi tofon sauri, daji ƙarewa yake yi. Kowane manomi ya san wannan a rumbunsa. Komai tsananin yunwar bazara, akwai damin da ba a taɓawa, shi ne iri. Masuntan da suka san aikinsu ba sa kama 'ya'yan kifi. Makiyayi ya sauka a gona bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki. Addininmu ma ya koya mana cewa ƙasa amana ce a hannunmu, kuma ɓarna da almubazzaranci abin ƙi ne ko da a ruwan alwala. Kun ga ashe ilimin nan ba baƙo ba ne a gidanku.

To, 'ya'yana, ban ce ku raina littafi ba. Ku karanta shi da kyau, ku iya aunawa da lissafi, don ƙasar nan na bukatar masanan ruwa da na ƙasa da na daji waɗanda suka san harshen manomi. Abin da nake roƙo shi ne duk kalmar da kuka koya ku fita da ita waje ku nemo ta. Ku san sunan itatuwa goma na garinku da amfanin kowanne. Ku zauna da wani dattijo ku tambaye shi gaba nawa rijiyar unguwa take a ƙuruciyarsa, da tsuntsayen da ya daina gani, ku rubuta, don ranar da ya tafi da littafinsa zai tafi. Mai gona a cikinku ya bar kututture goma su tashi a bana. Sannu ba ta hana zuwa. Mu mun karɓi ƙasar nan da kuka da ɗorawa da ungulu a kanta, mun kuma yi sakaci da wasu, Allah ya yafe mana. Ku ku miƙa ta ga 'ya'yanku fiye da yadda muka miƙa muku. Allah ya yi muku albarka.